Makaɗa Tamanin da Suka Gudu Ranar Bikin Murna

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Uban Gidan Goge da Kakaki,
Shugaban kamfanin manhajar kiɗan nan mai tambarin ɗawisu,
A duk ƙasar da Allah Ya ajiye kujerarsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka kan yi wa wanda ya ci kuɗinsa, wato da ladabi da sunkuyar da kai, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da makaɗanka tamanin. Su ina gaishe su musamman, in har sun isa gida lafiya, don rabona da su tun ranar da suka watse ba sallama.

Sunana Hashim, ina sayar da kayan gyaran babur a Mayo Gwoi, nan Jalingo. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Saboda haka in ka ga wasiƙar nan da Hausa, ka nemi mai fassara, kamar yadda ni ma na nema ranar da manhajarka ta yi mini Turanci a gaban jama'a.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ina da 'ya, Fadila, mai haɗa kiɗa a waya. Tun ranar bikin da zan ba ka labarinsa ta naɗe abin kunnenta ta jefa ƙasan akwati, ta ce ita da kiɗa har abada. A gari kuma ana ta cewa yarinyar ce ba ta iya ba. Shi ya sa na rubuto a fili, don Jalingo ta san wanda bai iya ba.

Maƙwabcina Simeon, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ta kanta naman Sallah da shinkafar Kirsimeti suke ƙetarawa tun yaranmu na rarrafe. Ya tashi aurar da 'yarsa Murna ga wani malamin makaranta, Peter. Murna ta ce ita ba za ta shiga zauren biki da waƙar da kowace amarya ke shiga da ita ba, irin kiɗan fim take so, wanda goge da yawa ke kuka lokaci guda har tsigar jiki ta tashi. Simeon na ta tunanin inda zai samo wannan a Taraba, sai bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce masa, “Baban Murna, kwantar da hankalinka, Fadila za ta yi.” Ita Fadilar a bakin Murna ta ji labari.

Sai neman makaɗa. Fadila ta ce akwai manhajoji uku da ke ajiye rundunar makaɗan Turawa a cikin waya, a gwada a zaɓa. Ni na zama alƙali, don tantance kaya sana'ata ce. Ba ni fulogi biyu, ko ido rufe zan gaya maka orijina da jabu. Kowace manhaja sai da na saurare ta a abin kunne, sannan muka kai ta lasifikar keke mai ƙafa uku na wani abokin cinikina, domin duk kiɗan da ya tsira daga lasifikar keke, ba inda zai ji kunya.

Ta farko kyauta ce, muka sa mata suna Sadaka. Gogenta sauro ne da ya samu kunnen mai barci, kakakinta kuwa hon ɗin babur ne da batir ya yi sanyi. Kana tsakiyar kiɗa mai ban tausayi, sai wani ƙato ya faɗo yana tallar maganin basir. Ban riƙe ta a zuciya ba. Wanda ya ci tuwon sadaka ba ya tambayar ina nama.

Ta biyu muka kira ta Giwa. Sau ɗaya ake biya, amma biyan da sai ka zauna tukuna. Kafin ta samu wurin kwanciya a wayar sai da aka goge hotunan sunan ƙanen Fadila da duk saƙonnin muryar gwaggonta ta Zariya, wannan kam ban yi baƙin ciki ba. Sautinta na gaske ne, ba na musu. Sai dai in Fadila ta danna, gogen kan tsaya ya yi tunani kamar ma'aikaci ranar Litinin, kakaki kuma ya iso bayan ganga ta gama, kamar manyan baƙi. Wayar ta yi zafin da maiɗakina Hajara ta ce a ɗan ara mata ta ɗumama shayi. Amma abu ɗaya zan shaidi Giwa da shi, kuma ina roƙon ka riƙe shi: tunda aka biya ta, ba ta sake tambayarmu ko mu su wane ne ba.

Ta uku taka ce, Ɗawisu. Ranka ya daɗe, gaskiya ɗaya ce, kayanka na da kyau. Ba nauyi, ba zafi, ana dannawa take amsawa. Ranar da Fadila ta sa mini abin kunne na ji babban gogen nan mai muryar bijimi ya taso daga ƙasa, ƙananan suka biyo shi a hankali kamar 'yan rakiya, sai da na ce mata hayaƙin janareton maƙwabta ne ya shigar mini ido. Ni da kaina na yanke hukunci, na ce Ɗawisu za a ɗauka. Wannan laifin nawa ne, na karɓa. Ga sauran, su naka ne.

Na ɗaya. Kuɗin wata-wata. Ni in na sayar wa mutum taya, ba na bin sa gida ƙarshen wata in ce ya sake biya ko in kwance abina. Sannan bayan mun biya, sai aka ce sarewa tana wani ƙunshi daban, ita ma da nata kuɗin. Wane ɗan kasuwa ne ke sayar da babur ya ce birki daban? Ina tambaya ne don in koya, ba don raini ba, ko ni ma na fara.

Na biyu. Ka taɓa zuwa biki kuwa? Ba irin naku ba, da na ji an ce amarya kan taka kai tsaye kamar mai zuwa banki. A nan amarya taku biyu take yi gaba, ɗaya baya, ƙawaye na biye da ita suna rausaya. Gwaggo ta tare hanya ta yi liƙi, inna ta ce ita ma ba a fi ta ba, wata tsohuwa daga ƙauye ta riƙe mayafin ta yi addu'a. Ba mahalukin da ya san tsawon wannan tafiya, ko amaryar. Saboda haka ba yadda za a yi Fadila ta naɗi kiɗan ta miƙa wa mai lasifika ta koma ta zauna. Dole ta tsaya da waya a hannu, manhajarka a buɗe, tana juya tsakiyar kiɗan ido na kan amarya, ta ɓoye ƙarshen, inda duka tamanin ɗin ke tashi tare, sai lokacin da hannun Murna ya shiga na Peter. Makonni ta yi tana gwada wannan a tsakar gida, ni ne amarya. Na yi taku biyu gaba ɗaya baya har gwiwata ta fara ƙara. A duk tallanka, a ina ka rubuta cewa makaɗanka ba sa aiki sai sun riƙa buga waya gida suna neman izini?

Na uku. Ranar biki, zaure a Sintali ya cika har taga. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana tura wa dangi, sabis ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya bar garin. Kiɗa ya fara, wurin ya yi tsit, na ga Simeon na goge fuska da hula. Murna ta kai tsakiyar zaure, ƙafa ɗaya a sama. Nan, ranka ya daɗe, daidai nan, makaɗanka suka ajiye kayansu. Wani rubutu ya fito a fuskar wayar. Daga baya aka fassara mini: wai ba a iya tabbatar da cewa mu ne muka biya ba, a haɗa da intanet. Mu ne ba mu biya ba? Ni da ko rasit ɗin fulogi ba na yarwa? Ko ɓarawon akuya ana bari a sauko daga sallar Idi kafin a tuhume shi. Kai a tsakiyar takun amarya ka ga ya dace ka binciki amanarmu?

Na huɗu, wannan ya shafi mutuncina, ko abin da ya saura daga gare shi. Zaure ya yi shirun da har ana jin fanka. Fadila na ta danna waya, a banza. Simeon ya juyo ya dube ni, irin duban da ake wa wanda ya ce a kwantar da hankali. To ni kiɗan nan ya shiga kaina ta katangar ɗaki safe da yamma, ko barci nake ina jin sa. Ban san lokacin da na fizge makirfo daga hannun Elias mai gabatar da biki ba. Na toshe hanci ɗaya, na ɗora daga inda makaɗanka suka ajiye. Ni, Hashim, jikan malamai, da babbar riga da hula, ina goge da hanci a gaban surukan mutane. Inda babban gogen ke shigowa na sauke murya har tari ya sarƙe ni. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Elias ya ce, “Jama'a, orijina ya iso, a tafa wa Baban Fadila!” Murna ta sauke ƙafarta tana dariya har da hawaye, ta taka ta isa wurin angonta. Aka yi mini liƙi a goshi. Hajara ta karɓe shi tun a ƙofa, ta ce kuɗin sabulun wanke kunya ne.

Yanzu bidiyon ya zaga gari. Yara a Mayo Gwoi Baba Goge suke ce mini. Mai babur zai zo sayen fulogi ya ce, “Alhaji, ɗan ja mana kaɗan kafin a yi ciniki.” An aiko daga Yelwa ana tambayar ko ina zuwa suna. Ranar Juma'a na yi atishawa a sahu, na ji na bayana ya ce an fara. Wa zai biya ni wannan?

Na biyar. Fadila ta rubuta wa ofishinka ƙorafi. Aka amsa nan take, aka gode mata da kasancewa cikin iyalin Ɗawisu, aka roƙe ta ta ba ku tauraro biyar. Allah Ya ƙara wa iyalin albarka.

Na shida, a nan zan cire hular wasa in ajiye. Ni dariyar da ake mini ba ta hana ni cin tuwo, tun aji huɗu na saba. Abin da ke damuna shi ne, ba wanda ya ji ƙarshen kiɗan nan. Ni hancina bai kai can ba, mutum ɗaya ba ya zama tamanin. Abin da yarinya ta ɓata idonta a kai, ta goge ta sake, ta hana kanta zuwa bukukuwan ƙawaye saboda shi, mutum biyu kawai suka taɓa jin ƙarshensa a duniya: ita da ni. Jama'a sun koma gida da labarin uban da ya ceci biki da 'yar da wayarta ta mutu. Ta ce mini, “Baba, ai gara da ka yi, ni ce na ba ka kunya.” Ranka ya daɗe, na sha jin maganganu a kasuwa, ba wadda ta taɓa zauna mini a ƙirji kamar wannan.

In kana son hukuncin ɗan kasuwa a kan kayan uku, ga shi, ban caje ka ba. Sadaka ba ta da kyau, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Giwa tana da kyau, tana da nawa, amma tana nan inda aka ajiye ta. Taka ta fi su duka murya, sai dai irin abokin nan ce da ke rantse maka zai zo, ranar kuma wayarsa a kashe. A shagona, kayan da ke aiki kullum sai ranar da ake bukatarsa, jabu muke ce masa, ko da kwalinsa na zinariya ne.

Ban rubuto don a mayar mini da kuɗi ba, na san hanyar da kuɗi ke bi zuwa wurinku ba ta da dawowa. Gayyata na kawo. Ni da Simeon mun yi kwanaki muna lallashi, shi ta kan katanga, ni ta bakin ƙofa, har Murna ta zo da kanta ta ce ita fa an bar ta a tsakiyar hanya, tana bin Fadila rabin kiɗa. Jiya Fadila ta buɗe akwati. Ta hau kan tankin ruwanmu inda sabis ke kamawa, ta tara makaɗanka, ta naɗe su daga farko har ƙarshe, ta kulle a inda ba su da hanyar buga waya gida. Ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar shagona, za a sa shi a babbar lasifika. Murna za ta sake sa kayanta ta taka, kai tsaye wannan karon, an roƙi gwaggonni su riƙe liƙinsu sai an gama. Duk wanda ya ce yarinyar ba ta iya ba, an ajiye masa benci a gaba. Kai ma akwai kujerarka, sai dai a bakin ƙofa za mu tambaye ka shaidar cewa kai ne kai.

Sharaɗi ɗaya Fadila ta gindaya kafin ta yarda, kuma na rantse a gaban shaidu: ko wuta ta ɗauke, ko lasifika ta fashe, ko sama ta faɗo, ba zan taɓa hancina ba. Hajara ta ce ba ta yarda da rantsuwar ba, ita za ta zauna kusa da ni ta riƙe hannun.

Naka mai biyayya, mai biya kuma duk wata har zuwa jiya,

Hashim mai kayan babur,
wanda ake kira Baba Goge ba da son ransa ba,
uban Fadila mai haɗa kiɗa,
Mayo Gwoi, Jalingo.