Yadda Za Ka Sake Daɓen Jirgin Surukinka Ko Ba Ka Taɓa Shiga Ruwa Ba

Jirgin shaƙatawa na Alhaji Ilyasu ya koma Tafkin Jabi ranar Asabar, 22 ga Maris, 2008, da sabon daɓe na faiba, kuma har yau ruwa bai shiga ta ƙasa ba. Wanda ya yi aikin, Mubarak, mai liƙe bambar mota ne a Mararaba. Kafin makon nan, ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka. Ba lada ya kai shi ba. 'Yar Alhajin yake nema, Mashkura. An kai gaisuwa tun bara, Alhaji bai sa rana ba.

A Abujar yanzu, da hannun jarin banki ke haihuwa duk wata, ko mai shagon yadi kamar Alhaji yana da jirgi. Idan naka surukin yana cikinsu, bi matakan nan kamar yadda Mubarak ya bi su. Ina ba ka tabbacin daɓe mai ƙarfi.

1. Ka ce ka iya tun ba a gama tambaya ba

Suruki ba ya neman taimako kai tsaye. Zai dubi sama ne ya ce, "Katakon jirgin nan ya ruɓe, ga hutun Ista ya zo, an ce sai an ɗauko mutum daga Legas." Kada ka bar shi ya kai ƙarshen Legas. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ai aikinmu ne."

Ba ƙarya ka yi ba. Bamba faiba ce, jirgi ma faiba ne. Bambancin kawai, in bamba ta tsage babu wanda ke nutsewa.

2. Ɓalle tsohon katakon kana girgiza kai

A jawo jirgin bakin tafki. Ka sa guduma ka cire falankin da ya ruɓe. Duk wanda ka ɗago, ka shinshina, ka yi tsaki, ka ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Gwani da zagin na baya ake gane shi. Sai ka bar cikin jirgin ya bushe, ka goge da samfefa, ka shimfiɗa sabon falanki siriri wanda faiba za ta lulluɓe.

Jikinka zai yi ƙaiƙayi kwana uku. Kada ka sosa a gaban dangin amarya.

3. Sayo kaya, kuma kada ka taso babu gyara

Abu uku kake bukata: tabarmar faiba, mai kama da farin yadi mai gashi, rezin, ruwan danƙon da ake jiƙa ta da shi, da wata 'yar kwalba da masu shago ke kira hadna, wadda ita ke sa danƙon ya daskare. Mubarak ya samo nasa a wajen Ɗangoggo, wani Bakatsine mai shago kusa da Idu.

"Murfi biyu a bokiti, maigida," in ji Ɗangoggo. "Biyu kawai."

"To ina gyarata?"

"Wannan ba gero ba ne."

"Galan huɗu na saya, Ɗangoggo. Ko mai tumatir tana da kunya."

Ɗangoggo ya duba shagon, bai ga abin da ya fi ƙanƙanta ba, ya ƙara masa kwalbar hadna ɗaya. Ka lura: abin da aka ba ka gyara ba a barinsa a kwalba. Albarka ce, a cikin kaya ake zuba ta.

4. Ka saurari direban jirgi, sannan ka yi abin da ka ga dama

Kowane jirgi yana da direba. Na Alhaji sunansa Andrew, Bagwari ne mai shekara hamsin, ya yi kamun kifi tun Jabi tana daji. Irin waɗannan mutane sun san abin da suke faɗa, kuma wannan shi ne aibinsu.

Da ya ga Mubarak ya tuntsura kwalba biyu cikin bokiti ɗaya, ƙarfe ɗaya na rana, a watan Maris, sai ya ja baya.

"Injiniya, wannan magani ya yi yawa fa. Bokitin yana zafi."

"Alamar inganci ce, Malam Andrew."

"Yana hayaƙi, oga."

"Na waje ne."

A ƙa'ida kana da kusan rabin sa'a kafin danƙo ya kama. Da gyara da ranar Abuja, kana da minti shida. Ka kwarara, ka shimfiɗa faiba, ka bi da buroshi da sauri.

5. Idan suruki ya iso, ka durƙusa inda kake

Zai iso. Suruki yana jin ƙanshin lokacin da bai dace ba. Alhaji ya faka mota a minti na biyu, cikin farar shadda da takalmin fata sau-ciki da ya sayo a Dubai.

Ba a gaida suruki a tsaye, ba a kuma ce masa ana zuwa. Mubarak ya ajiye buroshi ya zube gwiwa biyu a tsakiyar jirgi, a kan danƙo.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai, Mubarak. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ya aiki? Ya mutanen Mararaba? Ya jikin kawunka? An cire masa haƙorin?"

Ka amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji gwiwarka tana ɗumi. Gaisuwar Bakatsine irin Alhaji ba ta gaza minti uku, in akwai haƙori a ciki ta kai huɗu.

6. Kada ka ce wa suruki ya tsaya

Bayan gaisuwa zai so ya ga aiki da idonsa. Zai ɗaga ƙafa. A nan mutumin banza zai yi ihu. Kai mai neman aure ne, ba ka ba uban yarinya umarni. Iyakar abin da tarbiyya ta yarda ka faɗa shi ne abin da Mubarak ya faɗa, a hankali, yana kallon ƙasa: "Baba, da ɗan danshi."

"Jirgi ne ai," in ji Alhaji, ya shigo da ƙafa biyu.

Ya tsaya ya yi bayanin yadda ya sayi jirgin, da abin da injin ke sha, da dalilin da ya sa Dubai ta ci gaba. Andrew ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Da Alhaji ya gama, ya juya zai fita, kafaɗunsa ne kawai suka juya.

7. Fito da kowa bisa girmansa

Babba tukuna. Andrew ya kama hannun Alhaji, ya zare shi daga takalman, Alhaji ya taka da safa har mota. Sannan aka kawo wuƙa aka yanke wandon Mubarak daga gwiwa, ya koma Mararaba a bayan acaɓa da buhun siminti a cinya.

Kada ka yi ƙoƙarin ciro takalman. An gwada guduma, ƙotar ce ta karye. Ka zagaye su da wani shafin faiba, ka yi fenti. Andrew, da ƙafarsa ta zo daidai, a cikinsu yake tsayawa in yana tuƙi, ya ce tun daga ranar bai zame ba.

8. Tura manya su ji sakamako

Bayan mako guda kawunnan Mubarak biyu suka je gidan Alhaji. Ya karɓe su da lemo. Ya ce ya yi shekara talatin yana hulɗa da masu sana'a, bai taɓa ganin yaron da zai ƙone gwiwarsa don kada ya katse gaisuwa ba, kuma bai taɓa taka daɓe mai riƙo irin wannan ba. Kawunnai suka gyara zama, suka kawo maganar rana.

Alhaji ya ce daidai ne, za a sa. Sai dai ya sayi jirgi na biyu a Lakwaja, shi ma katakonsa ya ruɓe, kuma ba zai so hidimar biki ta raba hankalin yaron ba.

Da yamma Mashkura ta kira Mubarak a waya.

"Yaya Mubarak, don Allah ka gaya wa Baba ba ka iya ba."

"Ai yanzu na iya."

"To ka ɓata wannan, mu huta."

"In na ɓata ya hana ni ke."

"In ka gyara kuma ya sayo na uku."

Gargaɗi

Mai wannan shafi daɓe ya yi maka alkawari, kuma daɓe ka samu. Ba ruwansa da wando, da takalmi, da fatar gwiwa, da duk abin da ya shiga tsakaninka da gidan surukanka. Mai ƙorafi ya nemi wanda ya ba shi gyara.

Zuwa lokacin haɗa wannan bayani, jirgi na biyu yana kan tirela a hanyar Abaji. Alhaji Ilyasu bai faɗi jirage nawa yake da niyyar saya ba.