Wutar Surukin Wani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kafa rumfa, na yi hayar kujeru da lasifika, na tara duk mutanen da nake jin nauyinsu a duniya, don kawai su zo su ga wautata da idonsu. Wasu kunya ce ke zuwa ta same su. Ni da kuɗina na shirya tawa, har da shinkafa da lemo.

Ni malamin makaranta ne a nan Minna, kuma darasin kasuwanci nake koyarwa (a nan ne abin ya fi ciwo). Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina faɗa wa yara yadda ake cin riba da yadda ake faɗuwa, alhali ko ƙuli-ƙuli ban taɓa sayarwa ba. Albashi kuwa kowa ya san halinsa, kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Don haka na daɗe ina neman wata 'yar sana'a da zan jingina da ita.

Ana haka na haɗu da Ndagi, wani mutumin Bida mai shagon ƙanƙara a Ƙetaren Gwari. Wanda ya san zafin Minna ya san ƙanƙara ba wasa ba ce. Kuma wanda ya san Minna ya san muna kewaye da madatsun wuta, har da na Zungeru, amma a duhu muke kwana muna fifita da kwali. To, shagon Ndagi shi kaɗai ne ba a ɗauke masa wuta. Firizoji jere suna gurnani dare da rana. Masu zoɓo da masu kunun aya suna layi, matan Fulani masu nono suna kawo kindirmonsu a ajiye musu su biya. Ya ce zai bar gari ne, yana neman mutumin kirki da zai miƙa wa shagon, kuma farashin da ya faɗa ya ba ni mamaki don araha.

Sai dai ya kafa mini sharaɗi ɗaya. Ya kama hannuna ya rage murya ya ce, “Malam, kada maganar nan ta fita sai an gama. Ka san bakin mutane. Unguwar nan mahassada sun yi yawa.”

Na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ai haka muka taso: ba a faɗin ciniki sai ya faɗa, ba a faɗin tafiya sai an isa, kada baki ya kama abin. Har daɗi na ji, ina ganin na samu mutum mai hankali irina.

Kuɗin saye kuwa ba ni da su. Abin da muke da shi gona ce guda a Paiko, kuma ba tawa ba ce, ta matata Hadiza ce, gadon mahaifinta. Daga nan doyarmu take zuwa duk shekara, kuma a ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gonar tsohon yake hutawa lokacin yana da rai. Na yi ta lallashinta da bakin malamai, ina zana mata riba a iska, har na yi mata alkawarin cikin shekara biyu zan saya mata wadda ta fi ta. Daga ƙarshe ta ce, “Baban Sadiƙu, na yarda. Amma ka shiga unguwar ka tambayi maƙwabtansa. Ko aure za a yi ai sai an bi unguwa an ji halin mutum.”

Na yi dariya (Allah Ya yafe mini wannan dariyar). Na ce mata, “Hadiza, wannan fannina ne. Ki bar wa masu abu abinsu.”

Kuma fa kada ka ce ban yi bincike ba. Na yi, irin nawa. Na buɗe firizoji ɗaya bayan ɗaya na cusa kaina ciki. Na ƙwanƙwasa bayansu kamar mai sayen kankana. Na je na ga mai ginin na tabbatar haya ba ta ƙare ba. Na zauna a shagon wuni guda ina kallon masu saye suna shiga suna fita. Na ga wata waya mai kauri ta fito daga bayan firizojin ta huda bango ta shige gidan da ke manne da shagon, inda ake jin ƙarar injin casar shinkafa. Na ma tambaya. Ndagi ya ce, “Layinmu mai kyau ne, alhamdulillahi.” Ni ma na ce alhamdulillahi, na wuce. A ƙofar shagon akwai mai shayi, akwai mai faci, akwai majalisar dattawa a gindin bishiya. Kullum sai na wuce su da sallamar nesa, kai a sunkuye, ina tsare sirrina kada su yi mini baki.

Aka sayar da gona. Aka biya Ndagi gaban shaidu. Kafin mako ya zagayo ya kwashe nasa ya nasa ya bar gari.

Da na tsaya a nan, da kunyar ta zo da sauƙi. Amma ina, sai na ce lallai a yi walimar buɗe shago. Na gayyaci shugaban makarantarmu da malamai abokan aiki. Na gayyaci liman. Na gayyaci Yaya Isa, yayan Hadiza, wanda tun farko bai so a taɓa gonar ba, musamman don ya zo ya ga abin da ake kira dabara. Ya hau mota daga Paiko ya zo, ya zauna a gaba. Sai a ranar na aika wa maƙwabta gayyata, tunda yanzu baki ba zai iya komai ba.

Cikin waɗanda suka zo har da wani dattijo mai farin gemu da carbi, aka ce mini shi ne Baba Alhaji, mai injin casar da ke bayan bango. Na lura mutanen unguwa suna kallonsa suna kallona, suna ƙus-ƙus, amma na ɗauka sha'awar sabuwar babbar rigata suke yi. Liman ya yi addu'a, dattijon ya shafa tare da kowa. Aka raba abinci ya ci nasa tsaf. Sannan na karɓi abin magana.

Wayyo. Da ma a ce muryata ta dishe a ranar. Na yi magana a kan muhimmancin bincike kafin saye. Na ce yawancin mutanenmu da ka suke shiga kasuwanci, shi ya sa suke faɗuwa. Na dubi Yaya Isa na ce gona tana jiran ruwan sama, amma wannan shago ba ya jiran kowa. Na ɗaga hannu na nuna fankar da ke juyawa na ce, “Jama'a, ku duba! A duk faɗin unguwar nan an ɗauke wuta tun safe, amma mu nan...”

Sai dattijon ya ɗaga carbinsa, kamar ɗalibi mai tambaya.

“Ɗana, Allah Ya sa albarka. Amma yaushe za ka kawo naka wuta?”

Na yi murmushi na ce, “Baba, ai ga ta nan.”

Ya ce, “A'a. Wannan nawa ne. Daga taransifoma na injina ya fito. Ndagi mijin 'yata ne, don 'yata na ba shi. Yanzu ya sake ta, tana ɗaki da yara uku. Na ce masa ya cire wayansa, ya ce in yi haƙuri zai cire. Ashe kai ya sayar wa.” Ya juya ga mutanen unguwa ya ce, “Ko akwai wanda bai sani ba?”

Babu wanda bai sani ba. Mai shayi ya sani, mai faci ya sani, matan Fulanin da ke zaune gefe da ƙorensu sun sani. A duk rumfar nan, daga ni sai baƙina ne ba mu sani ba.

Dattijon ya miƙe a hankali, ya ce wa liman a gafarce shi, ya zagaya ya shiga gidansa. Ina nan tsaye da abin magana a hannu ina cewa, “Jama'a, wannan ƙaramar matsala ce, za mu...” sai lasifikar ta mutu a bakina. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Gurnanin firizojin nan da na ɗauka sautin arziki ne ya yanke ɗif, har ana jin ƙarar cokali a faranti.

Shugaban makarantarmu ya tsura wa takalminsa ido. Wani abokin aikina ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Wata Bafulatana ta tashi ta shiga ta kwaso kindirmonta tun bai lalace ba, sauran suka bi ta. Yaya Isa ya ajiye lemonsa, ya dubi ƙanwarsa, ya ce, “Hadiza, wannan ce gonar Baba?” Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini a wuri ɗaya irin na lokacin nan ba. Hadiza kuwa ta ja mayafinta ta shiga tattara farantai.

Washegari na je na durƙusa gaban Baba Alhaji, na ce zan riƙa biyan kuɗin wuta ko nawa ne. Bai yi mini faɗa ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya ce, “Ɗana, ba ni da rigima da kai. Amma duk lokacin da na ji firizan nan yana kuka, yaron nan nake tunawa. Da ka zo ka gaishe ni kafin ka biya, da na faɗa maka kyauta.” Lambar Ndagi kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba. Ko da ta shiga me zan ce? Firizoji ya sayar mini, kuma ga su nan, ba wanda ya ɓace.

Na jawo wutar unguwa, irin wadda kowa ke samu. Kafin ruwa ya fara daskarewa an ɗauke. Na yi hayar janareta, mai ya cinye riba ya haɗa da uwar kuɗi. Masu zoɓo suka koma wani wuri. Daga baya na riƙa sayar da firizojin ɗaya-ɗaya a wulaƙance, na mayar wa mai gini makullinsa. A makaranta yara suka sa mini suna Malam Ƙanƙara, kuma har yau idan na juya ina rubutu a allo nakan ji wani ya yi ƙarar fankar da ke mutuwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hadiza ba ta taɓa ce mini “ai na faɗa maka” ba. Da ta faɗa, da na samu abin yin fushi na huta. Yanzu a kasuwa muke sayen doya. Idan muka je Paiko gaisuwa, mota ta zo daidai gonar, sai ta sunkuya tana gyara wa Sadiƙu hular da ba ta karkace ba, har mu wuce.

To, ga abin da na koya, kuma na saye shi da tsada, kai kuwa na ba ka kyauta. Idan za ka sayi sana'ar wani, ka nemi abin da ke riƙe da ita, ka tambaya nasa ne ko aro aka ba shi. Idan mai sayarwa ya ce kada maƙwabta su ji, to wurin maƙwabtan za ka fara zuwa, da goronka a hannu. Ana sayen shago, ana sayen firiza, har masu saye ana iya gada. Amma duk kuɗinka, ba a haɗa maka da surukin mutum.