Rasuwar Ɗan Gata, Kwalekwalen da Ƙishirwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ta ƙi kwanciya, Malam Muttaka mai fentin mota na unguwar Shango, nan Minna, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalekwalensa, wanda aka fi sani da Ɗan Gata. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi a bakin madatsar ruwa ta Tagwai, yana da wata bakwai a duniya. Sanarwar ta kowa ce, amma Malam ba zai ɓoye ba, kunnen mutum ɗaya yake so ta kai. Mutumin kuwa shi ne Shekwolo masunci, amininsa na shekara ashirin, wanda rabon da su gaisa tun makon da marigayin ya shigo gari.

Ba da gaggawa aka zaɓi marigayin ba. Da Malam ya cika sittin, ƙirji ya gaji da shaƙar fenti, sai ya ce sauran kwanakinsa a kan ruwa zai yi su, yana kamun kifi. Wata uku ya kwashe yana kallon Turawa a waya suna tuƙa ƙananan kwalekwalen roba masu cin mutum ɗaya. A nan ya gano cewa mai faɗi ba ya kifewa da wuri, dogo ya fi gudu, gajere ya fi saurin juyawa. Mutumin da bai taɓa ƙetare ruwan da ya wuce kwatar Bosso da damina ba, sai ga shi a majalisa yana ba mutane karatu kan ingancin jirage, har da zane a ƙasa.

'Yan takara sun zo, sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarfe Malam da kansa ya kore shi, don ba wanda zai gaya masa halin tsatsa. Na hurawa da iska uwargida Halimatu ce ta yi masa jana'iza da tambaya ɗaya: "Baban Rashidatu, kai da ƙugiya a hannu za ka hau balan-balan?" Na robar da Malam ya fi ƙauna kuwa, Shekwolo ya karɓi wayar ya kalle shi da kyau, ya mayar. "Abokina, wannan bahon wanka ne. Babban kifi ya kama ƙugiya, shi zai tafi da kai gidansu."

Daga nan Shekwolo ya bar sana'arsa yini guda, ya kai Malam wurin wani masassaƙi a bakin tafkin Shiroro. Ya bi kwalekwale goma sha ɗaya yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa, yana kara kunne. Wanda ya ce "kwas-kwas" ya wuce shi. Da ya zo kan wani na itacen maɗaci mai faɗin ciki ya ji "dum, dum", sai ya dubi tumbin Malam, ya dubi cikin jirgin, ya ce an gama, wannan ne.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ɗaukar nauyi ba tare da ƙorafi ba. Bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa tsayawa a hanya ba. Gaskiya dai sau ɗaya ya fita aiki a rayuwarsa, ranar da aka kawo shi Tagwai, amma wannan rana Malam ba zai manta da ita ba. Yana tuna "cal, cal" ɗin ruwa a gefensa, da ɗan "ƙiii" da yake yi in an gyara zama. Karfasa biyu suka kama, shi da Shekwolo, kuma Malam ya ce tun da yake bai taɓa jin daɗi irin na wannan yini ba.

Da yamma ne aka sami matsala. Shekwolo ya jawo igiya zai ɗaure jirgin a cikin ruwa tare da na sauran masunta, Malam ya ce ina, ai gida za su. Shekara talatin da biyar yana gaya wa masu motoci cewa ruwa da laima su ne abokan gaban kaya, yanzu kuma a ce ya bar sabon abu ya kwana a jiƙe?

"Jirgi ba mota ba ne," in ji Shekwolo. "Ka bar shi ya sha ruwa. In ya bushe, ya mutu."

Nan ne Malam ya faɗi maganar da yau yake cizon yatsa a kanta, kuma a gaban masunta ya faɗe ta: "Ko dai so kake in bar maka shi ka riƙa fita da shi in na juya baya?" Shekwolo ya naɗe igiyar, ya miƙa masa, ya taya aka ɗora jirgin a motar maƙwabcin Malam, wato Edward mai akori-kura, sannan ya juya ya tafi.

A Shango marigayin ya ga gata irin wanda ko motar amarya ba ta gani. An ɗora shi a kan bulo huɗu a ƙarƙashin rumfar kwano. An goge shi, an yi masa fenti shuɗi hawa uku, an rubuta sunansa da farin fenti, an lulluɓe shi da tampol. In aka yi yayyafi Malam kan fito da tsumma a guje. Fita ruwa kuwa kullum sai mako mai zuwa, don gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce, ba ya iya shiga ruwa in ba Shekwolo a bayansa, kuma girman kai ya hana shi zuwa.

Ciwon ajali ya fara da zafin watan Maris. Da rana tsaka sai a ji "ƙas" daga rumfa, can kuma a ji "tas". Halimatu ta ce jirgin nan kuka yake yi. Malam ya ce katako ne yake miƙa. Da tsaga ta bayyana a ƙirjin marigayin, ya yi masa maganin da ya sani, ya cike ta da filar gyaran jikin mota, ya goge, ya sake fenti, har ba mai iya nuna wurin. Ruwa dai, ko kofi ɗaya ba a ba majinyacin ba.

Ranar Asabar Malam ya yi ta maza, Edward ya kai su Tagwai. Aka tura jirgin, Malam ya shiga ya zauna. Filar ta yi tsalle ta fice, tsagar ta buɗe daga hanci har tsakiya. Kalaman marigayin na ƙarshe su ne "ɓul, ɓul, ɓul". Ya zauna a ƙasa a ruwan da bai kai ƙugu ba, da mai shi a ciki riƙe da filafili, masunta suna ta kawar da kai don kada a ga haƙoransu. Can nesa akwai wani jirgi da ya daina tuƙi. Bai matso ba, bai kuma tafi ba, sai da Malam ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa. Malam ya san mai wannan zama ko daga ina ya hango shi, kuma wannan ya fi nutsewar yi masa ciwo.

Marigayin ya bar filafili ɗaya, da komar kamun kifi sabuwa dal wadda ba a fitar daga leda ba, da ƙugiyoyi, da rigar ceto mai ruwan lemo. Ya kuma bar tampol, wadda dangi suke zargi da hannu a lamarin, ko da yake kowa ya san wanda ya shimfiɗa ta.

An yi shawara kan jana'iza. Halimatu ta nemi a ba ta gawar ta riƙa zuba wa awaki dusa. Edward ya ce a cika ta da ƙasa a shuka tumatir. Limamin unguwa ya tabbatar cewa katako ba ya bukatar salla. Malam ya gode wa kowa, amma ya yanke cewa za a mayar da marigayin ruwa, a nutsar da shi wuri mai zurfi, ko kifaye sa sami ɗaki.

Za a taru a bakin Tagwai ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe. Ba a bukatar kujeru ko abinci. Abin da ake bukata shi ne jirgin da zai ja gawar, da mutumin da ya san inda zurfin yake, kuma in ba Shekwolo ba, Malam bai nemi kowa ba, ba zai kuma nema ba. Duk wanda ya ga Shekwolo ya gaya masa cewa Muttaka ya ce shi Muttakan ne bai da gaskiya, kuma zai maimaita haka da babbar murya a gaban masuntan da suka ji ta farko. In bai zo wannan Asabar ba, za a ɗage jana'izar zuwa ta gaba. Gawar katako ce, za ta iya jira. Malam ne dai ya ce shi ya gaji da jira.