Mijin Luafata Mai Gudu da Baya

"Lafiya lau na tashi, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta fi taka amfani. Kai maigida, wannan uban hayaƙi fa? Umu kake haɗawa, ko gidan za ka ƙona mini kafin ka gudu?"

Safiyar Lahadi ce a ƙauyensu na bakin teku, a tsibirin Tutuila. Tsohuwa Luafata ta dogara sanda tana kallon jikanta Etuale yana jera gwaza da ɗanyar ayaba a kan duwatsu masu zafi na umu, murhunsu na gargajiya. Gidan nan da a da sai an yi layin wanka, yau su biyu ne rak. 'Ya'yanta maza sun watse, wani soja, wani Hawaii, uwar Etuale kuwa ga kabarinta nan a ƙofar gida. Ga shi yanzu wata jami'a a Amurka ta aiko tana son yaron ya riƙe mata tsaron gefe a ƙwallon Amurka na masu hular kwano, wanda ake jefawa a cafe. Shi ya kafe ba zai sa hannu ba sai kakarsa ta ce je ka. Ita kuma, kun dai san tsofaffi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kullum sai baƙar magana.

"Wai ni me suka gani a jikinka?" in ji ta. "'Ya'yan mutane don ƙiba ake ɗaukarsu, kowanne kamar firji. Kai kuwa ƙafa sai ka ce ta zalɓe."

"Ƙafar suke so, tsohuwa. Kaf tsibirin nan babu wanda ke cafe ƙwallo a gabana."

"Ƙarya kake! Na je filin, na gani da idona. Kowa ya sa gaba, mijina shi kaɗai yana gudu da baya kamar ya ga kare. Kunya ta sa na ce wa matan coci ban san ka ba."

"Ke da kika yi ta ihu har haƙorin robanki ya faɗo?"

"Tari ne ya sarƙe ni, marar kunya."

Etuale ya yi dariya, ya lulluɓe duwatsun da ganyen ayaba. "Bari in koya miki. Bara 'yan bayan jami'ar sun sha kashi, don duk ƙungiyar da ke da gwanin cafe ƙwallo sai sun ware masa mutum biyu. In ina nan, ni kaɗai na ishe shi. Sauran goman sai su yi caa a kan mai jefa ƙwallon, ko numfashi ba zai samu yi ba."

"Au! Ashe ɗaukarka za su yi su jefar a gefen fili kai kaɗai?"

"Ai nan darajar take."

"Ka ji sakarai! To bari mu gani. Ni ce gwanar. Bishiyar kwakwar can zan je, in ka isa ka hana ni."

Yaro ya ranƙwafa a gabanta yana ja da baya. Ta yi dama, ya riga ta. Ta yi hagu, yana nan. Da ta ga abin ba sauƙi sai ta kai masa sanda a ƙwauri.

"Wayyo! An hana duka da sanda!"

"A filinku aka hana. Nan gidana ne."

Ta tsaya tana haki tana dariya. Shi kuwa baki har kunne. "Kin gani? Mutum ɗaya ake ba ni. Duk inda ya sa ƙafa ina tare da shi, ba na barinsa."

"Nan gidan ma ai mutum ɗaya aka ba ka."

Wallahi da wasa ta faɗa, amma maganar ta fito ba wasa a cikinta. Dariyar Etuale ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Shi ya sa ban sa hannu ba, Kaka."

Rabon da ya ce mata Kaka har ta manta. A coci ba ta ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba. Tsoron zaman kaɗaici take yi, ƙwarai kuwa. Amma ta fi tsoron ta ga ƙafafun nan sun tsufa a tsaye a kamfanin gwangwanin kifi, saboda ita.

Da suka dawo ya buɗe umu, ya jera mata abinci a tabarma, ya ɗauki mafici zai kore mata ƙuda har ta ƙoshi kafin shi ya ci, kamar kowace Lahadi. Sai ta fizge maficin.

"Zauna ka ci."

"Haba! In ci kafin ke? So kike ƙauye ya tsine mini?"

"Ƙauye ya ji da kansa. Ba ka ce in mutum ɗaya ya riƙe gefe sauran sai su yi gaba ba? To wa ya riƙe gidan nan har kawunnanka suka yi gaba? A wurina ka gaji gwanintar, ɗan nema. Gobe ka je ka sa musu hannu. Na sallame ka, dama auren ya ishe ni."

"To wa zai haɗa miki umu?"

"Sabon miji zan yi, mai gudu da gaba."

Ya yi dariya, ido ya cika da ƙwalla. "Na sallama, amarya. Kin wuce ni."

"Ni ce ta farko da ta wuce ka, ka tabbata ni ce ta ƙarshe. Ci kafin ya huce."

Ya sa hannu a abincin. Luafata ta gyara zama tana yi masa fifita, tana kallon hayaƙin da ya rage a kan duwatsun. Ta sani sarai nan gaba kaɗan Lahadi za ta zo, kowane gida a ƙauyen ya tayar da hayaƙi ban da nata. Ta tura masa kifin gabanta, ta ce ƙayarsa ta yi mata yawa.