Iskar da ta shiga motar kayan ɗaki

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar jeren Yaya Hadiza. Ko na so mantawa ma, Gwaggo Asabe ba za ta bari ba.

Lokacin ina ji da kaina sosai. Wata uku na yi ina kallon bidiyon gyaran mota a waya, har na haddace sunayen abubuwan da hannuna bai taɓa taɓawa ba. (Abin da na taɓa gyarawa a duniya janaretan masallacinmu ne, shi ma da na mayar sai da noti biyu suka yi saura.)

An loda kayan ɗaki a wata a-kori-kura mai shan gas, za a kai Dawakin Tofa. Gado, katifa, sif, duk a buɗe ba tamfol, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Direba ya murza makulli, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya ce shi dai mai ya ƙare masa daidai ƙofar gidanmu, kuma ya riga ya sayo jarka guda ya zuba.

Na naɗe hannun riga na ce, "Ku matsa, aikina ne."

Na kankare kan batir. Shiru. Na ce wa direba ya jira fitilar hita, mai nuna ana ɗumama inji, ta mutu kafin ya murza. Shiru. Sai na ce a tura. Maza duk sun tafi gona, saboda haka mata 'yan jere ne suka tura, da ankonsu da komai. Gwaggo har takalmi ta cire. Muka je gindin kuka muka dawo, mota ko tari.

Can sai Baba Sale, wani dattijo maƙwabcinmu da ke tufkar igiya a inuwa, ya ce, "Yaro, daina wahalar da iyayenka. Iska ce ta shige ta."

Wallahi dariya na yi, da ƙarfi, don ƙawayen amarya su ji. Na ce, "Haba Baba! Yanzu fa zamanin ilimi ne. Me aljani zai yi a cikin inji? Ko ruƙiyya za mu yi mata?"

Na ga direba ya sunkuyar da kai. (Ni a zatona tsohon yake taya jin kunya.)

Baba Sale ya ajiye igiyarsa ya ce, "Direba, ba ni sifana." Ya sassauta wani ɗan noti a kan filtar mai, ya riƙa danna wani ɗan famfo da tafin hannu. Kumfa ta fara fita, fus, fus, har mai zalla ya biyo baya. Ya ɗaure ya ce, "Murza." A murzawa ta biyu ta tashi, ta turnuƙe farar shaddata da hayaƙi.

Ya miƙo min sifanar ya ce, "Ga aljanin naka ya fita. Mota mai gas in ta shanye manta ƙaf, iska take zuƙa, sai an fitar. Tun ba a haife ka ba nake jan tantan ta noma."

Gwaggo ta riƙe ƙugu tana haki. "Ɗan nema! Ashe iska ka sa muka tura har gindin kuka?"

Saboda lokacin da na ɓata, ruwa ya tare mu kafin mu isa. Ni aka ɗora a kan katifar amarya rub da ciki, da tabarma a bayana, na zama tamfol. Katifa ta tsira, ban da kusurwa ɗaya da har yau Yaya take nuna min in na je gidanta.

Sunana a dangi yanzu Malam Mai Ruƙiyya. Bidiyo kam ban daina kallo ba, kuma fitar da iska na iya shi tsaf, a wurin Baba Sale. Amma duk ranar da dattijo ya ce min iska, sai na rusuna tukuna na ce, "Baba, wacce daga ciki?"