Shanun Tsoho Tukur Bakwai Ne

"Wushe, tsoho, wushe wushe. Ina kwanan Fulani?"

"Da lafiya muka tashi, sai ga Babarbariya. Nono aka turo ki roƙo?"

Tsoho Tukur ke nan, zaune a kan buzu a rugarsa da ke gefen fadamar Baturiya. Ruwa ya janye, ciyawa ta yi kore shar, shanu suna kwance suna tuƙa. Mai gaisuwar Barebarin kuwa jikarsa ce Sakinatu, wadda ubanta Babarbare ne a Haɗejiya, don haka wasa biyu ne a tsakaninsu. Tana ajin farko a jami'a, malamin ƙididdiga ya ce kowa ya auno wani abu a garinsu, wanda bai kawo ba ya maimaita kwas. Ita kuwa ta riga ta cika baki cewa nonon shanun kakanta za ta auna. Sai dai a gidan nan, tun iyaye da kakanni, ba a ƙirga shanu, don an ce dukiyar da aka ƙirga ba ta auki.

"Ilimi na kawo maka har gida," in ji ta. "Shanunka nawa ne?"

"A'uzu billahi. Ke da sassafe ba ki da wata addu'a sai wannan?"

"Ai ba duka zan auna ba. In na san yawan garken, samfuri kawai zan ɗauka."

"Samfuri kuma wace cuta ce?"

"Ka ga mai miya, ludayi ɗaya take ɗanɗanawa ta san gishirin tukunya duka."

"To je ki lashi waccan baƙar, in ta ji gishiri ki rubuta. Amma tana harbi."

"Nonon zan auna, in haɗa, in raba, in fitar da matsakaici."

"Wanda ke tsakiya? Wannan ai bijimi ne. Tatso shi, Allah ya ba da sa'a."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Matsakaici lamba ce, tsoho. Kana iya samun kowace saniya tana da maraƙi ɗaya da rabi."

"Ina ɗaya rabin? Dama Babarbare ba ya shiga ruga ya fita hannu banza. Malamin naku mahauci ne?"

"Dakta ne."

"Na shanu?"

"Na lissafi."

"Ashe lissafi ma yana ciwo. Allah ya ba shi lafiya."

"To bari in ƙirga ƙafafu in raba huɗu, ka ga ban ƙirga saniya ba."

"Ƙafafun na maƙwabta ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Hoton kanta Sakinatu ta gani a zaune cikin ƙannenta baɗi, tana sake wannan kwas ɗin, ƙawayenta sun wuce. Can sai ta gyara mayafi, ta fito da waya.

"Shi ke nan. An koya mana in mai abu ya ƙi magana, sai a yi ƙiyasi. Ga shi na rubuta: Tukur na Baturiya, shanu bakwai, ko a ƙara ɗaya ko a rage ɗaya."

"Bakwai?"

"A gaban aji zan karanta. Rabin ajin Barebari ne, har da jikar abokinka Malam Gana. Ka ga kafin kasuwar Kafin Hausa ta ci, labari ya kai."

"Bakwai ai kajin ubanki ne."

"To nawa ne?"

Tsoho ya dubi garken, ya dube ta.

"Sun fi haka."

"Takwas."

"Ke, Daneye kaɗai ta haifi Saye, Saye ta haifi Wule da Mai Ƙaho Ɗaya. Ga Woɗeye da 'ya'yanta, ga wadda ta ci hular mai unguwa, ga ƙanwarta..."

Haka ya yi ta jero su, uwa da 'ya, jika da tattaɓa-kunne, yana nuni da sanda, har rana ta ɗaga. Sai idonsa ya kai kan mayafinta, ya ga yana motsi.

"Me kike yi da yatsu a ƙarƙashin nan?"

"Tasbihi."

"Kin kai ina?"

"Na gama subhanallahi, ina tsakiyar alhamdu lillahi."

Tsoho Tukur ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya jawo ƙwaryar kindirmo, ya ɗauke faifan, ya tura mata.

"Jiƙa maƙoshinki, 'yar nema, ki je ki auna abinki. Ni dai ban ƙirga ba, ke ma ibada kika yi. Amma kada ki shafa tukuna. Akwai na tsallaken kogi, sai mun kai Allahu akbar."