Yadda Na Ɗaure Tsanin Mutane da Bututun Esi

Ba na jin zan taɓa mantawa da aikin esi na farko da na karɓa ni kaɗai, bayan na gama bautar ƙasa na dawo Dutse. Alhaji Garba, abokin kawuna, ya kira ni gidansa a Yalwawa in sa masa na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce idan ɗakin baƙinsa ya yi sanyi yadda yake so, ni zan sa na sabbin shagunansa. A lokacin ko ƙwan lantarki ba wanda ya kira ni in ɗaura.

Na aro tsanin katako wajen maƙwabcinsa, Malam Idi, na jingina shi ta waje. Na huda bango, na zuro bututun jan ƙarfe da waya, na kai su injin waje. Kowane noti sai da na sake ɗaure shi (wataƙila har abin ya yi yawa). Na ɗan saki gas, na shafa kumfar sabulu a mahaɗa in ga ko yana fita. Wayoyin ma na duba, na sauko, zuciyata ba ta kwanta ba, na sake hawa. Sannan na naɗe komai, na saki gas gaba ɗaya.

Aka kunna, sanyi ya sauko. Alhaji ya fito da abokansa yana murmushi.

"Injiniya, aiki ya yi. Mayar wa Malam Idi tsaninsa, ga shi can yana jira."

Na ja tsani, ya ƙi tahowa. Na ɗaga kai. Ashe bututu da waya duk ta tsakanin matakansa na bi da su.

"Ranka ya daɗe," na ce, "kamar dai... ina jin akwai ɗan abin da za a sake dubawa."

Malam Idi ya matso, ya kalli sama. "Alhaji, aro na bayar fa, ban ce a ɗaura masa aure da esinka ba!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kawo zarto kawai. Na ce a'a, don Allah a ba ni lokaci. Na mayar da gas cikin inji, na kwance, na zare tsanin, na sake haɗa komai a gabansu, gumi har cikin ido.

Alhaji ya shiga ɗakin, ya daɗe, ya fito.

"Asabar ka je shaguna, ɗana. Amma ka zo da tsaninka."

Har yanzu ina duba noti fiye da kima. Sai dai na koyi duba abin da na taka tukuna.